Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) Na Jihohin Arewa: Gaskiya Ta Faɗi A Dandali

Baba Rabaran, ranku ya daɗe.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ni ba fasto ba ne, malamin makarantar Lahadi ne na ajin manya a wata ƙaramar ikilisiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce da wata uwa 'yar zumunta ta yi mini ranar da muka karanta Ishaya sura 59. Ta ce, "Malam, wannan annabin a garinmu ya zauna ne?" Aji ya fashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ɗanta na tsare wata goma sha ɗaya ke nan, ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce bai yi ba, kullum sai ɗage zama.

Aya ta 14 ce ta tsaya mata a rai, inda annabin ya ce an kori shari'a, adalci ya tsaya can nesa, gaskiya ta yi tuntuɓe ta faɗi a dandali. Ta 15 ma ta fi ciwo: wanda ya ce zai rabu da mugunta, shi ake farauta. Na ce mata da mutanen Yahuza ake magana, ba da mu ba. Amma da na koma gida sai na ji kunyar amsar.

Baba, yau in aka ce annabci, hankalin mutanenmu daren 31 ga Disamba yake tafiya: wa zai ci zaɓe, wane babba zai mutu, wa zai sayi mota. Annabawan Littafi Mai Tsarki kuwa, sau da yawa maganarsu a kan mudu take, da gona, da shaidar zur, da abin da ke faruwa a ƙofar gari. Ƙofar gari ita ce kotunsu. Nan dattawa ke zama su yanke hukunci, kamar yadda Bo'aza ya tara dattawa goma a littafin Rut, kamar dai zaman ƙofar fada a wurinmu.

Dubi Amos. Makiyayi ne daga Tekowa, kudu da Baitalami, mai kula da itatuwan ɓaure. Wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu ya haura arewa, zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da Isra'ila ke cikin daula. Da ya ce masu kuɗi na kwanciya a gadajen hauren giwa, ba zuzuta magana ya yi ba, domin masu tonon kayan tarihi sun haƙo ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa a Samariya. Ibada kuma ba ta yi ƙaranci ba: hadaya kowace safiya, zakka, waƙoƙi da molaye. Duk da haka ga abin da ya gani. Ana sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci saboda takalmi. 'Yan kasuwa sun ƙosa Asabar ta wuce su koma tauye mudu, su haɗa alkama da ƙaiƙayi su sayar. Rigar da talaka ya ba da jingina, wadda Dokar Musa ta ce a mayar masa kafin rana ta faɗi, ita ake shimfiɗawa a kwanta a kai a gindin bagade. Wanda ya faɗi gaskiya a ƙofar gari kuwa an tsane shi. Sai Allah ya ce ya ƙi idodinsu, su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, shari'a yake so ta malala kamar ruwa. Wajen shekara arba'in bayan nan, a 722, Assuriyawa suka ci Samariya.

Akwai dabarar Amos da nake so masu wa'azinmu su lura da ita. Ya fara da Dimashƙu, ya bi Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab. Ina iya jin masu sauraro suna ta "Amin!" domin laifi tudu ne. Daga nan ya sauka kan Yahuza, sai kuma Isra'ila kanta, tuhumarta ta fi ta kowa tsawo. Mu kan karanta rabin farko mu rufe littafin. Kuma laifin da aka kama Mowab da shi, ƙone ƙasusuwan sarkin Edom ne, mutumin da ba Ba'isra'ile ba. Wato zaluncin da aka yi wa wanda ba namu ba, shi ma yana cikin lissafi. Idan bakinmu ba ya buɗewa sai wanda aka zalunta ya zama ɗan ikilisiya, to ƙabilanci muke yi da rigar limanci.

Labarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Nabot. Sarki Ahab ya so gonar inabinsa, Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gādon kakanninsa. Yezebel, matar Ahab, ba ta aika 'yan daba da dare ba. Wasiƙu ta rubuta, ta buga hatimin sarki, ta ce a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a kawo shaidu biyu su ce ya zagi Allah da sarki. Biyu, domin abin da Doka ta nema ke nan kafin a kashe mutum. Takarda ta cika, an bi ƙa'ida, har da azumi. Waɗanda suka zartar kuwa dattawan garinsu ne, waɗanda suka san shi tun yana yaro. Duk garin ba a ji wanda ya ce uffan ba, sai da aka aiko annabi Iliya. Wanda ya taɓa ganin yadda gonar gado ke ɓacewa tsakanin mai unguwa da dillali da takarda mai hatimi, ba sai an yi masa tafsiri ba.

Mu ma annabawan ba su ƙyale mu ba. Mika ya jera su uku: shugabanni na shari'a don cin hanci, firistoci na koyarwa don lada, annabawa na duba don kuɗi, sannan su jingina ga Ubangiji su ce ba abin da zai same mu. Wanda ya kai ƙarar Amos wurin sarki ma firist ne, Amaziya na Betel, ya ce wa Amos ya koma Yahuza ya ci abincinsa can, nan wurin sujadar sarki ne. Ahab kuwa annabawa 400 gare shi masu cewa "je ka, nasara taka ce", Mikaiya ɗaya ya saɓa, ya sha mari ya kwana kurkuku. Idan ɗan siyasa ya zo godiya ranar Lahadi, aka ba shi kujerar gaba da makirufo, ya ajiye ambulan ya tafi, wane fasto ne zai iya tambayarsa albashin malaman firamare? Bakin da ya ci, shi ke jin kunya.

Ga roƙona, ba mai tsada ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 34, ta ɗora wa majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata ya ga waɗanda ke tsare, jihohi da dama kuma sun yi tasu irinta. Beli kyauta ne, har a bango ake rubutawa. Duk da haka fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Muna da lauyoyi a kujerunmu kowace Lahadi, muna da alƙalai da 'yan sanda cikin dattawan ikilisiya. Ku umarci kowane reshen CAN na ƙaramar hukuma ya san sunayen waɗanda ke tsare a yankinsa ba hukunci, Kirista ne ko Musulmi, ya bi takardunsu har a saurare su. Baikon Lahadi ɗaya a shekara zai biya tarar mutane da yawa waɗanda 'yan dubbai kawai suka hana su komawa gida.

Sannan ku tsawata mana kan WhatsApp. Hoton gawa daga wata ƙasa, a liƙa masa sunan ƙauyenmu, dattijon ikilisiya ya tura wa mutum ɗari kafin sujadar safe. Shaidun Yezebel biyu ne kacal.

An sake ɗage shari'ar yaron nan zuwa wata mai zuwa. Mun haɗa wa uwarsa kuɗin mota a aji, ni ma zan raka ta.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Wani malamin makarantar Lahadi