Sanarwa kan ziyararmu ta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Za mu haɗu a babbar ƙofar ABU Samaru ƙarfe goma, mu wuce sashen zane-zane tare.

Don Allah kada kowa ya taɓa zane, ko da ɗan yatsa. Zufa da maiƙon hannu suna kama fenti, su bar tabon da ba ya fita. A tsaya taku ɗaya baya. Mai jakar goyo ya sauke ta, juyi ɗaya kan tunkuɗe mutum-mutumin yumɓu. A kashe filashi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Iyaye mata, a riƙe hannun yara, a bar zoɓo a mota.

A garin nan na Zariya shahararrun masu zane su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, Zaria Art Society, a 1958, kunya zan ji a ce mu ne muka yi ɓarna.