A Dubi Halin Yara Masu Baiwa a Makarantun Karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ilimi da iyaye kan wasu yara da ba a cika tunawa da su ba, wato waɗanda Allah ya yi wa baiwar kaifin basira fiye da tsararrakinsu. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin jihar Jigawa, kuma na daɗe ina ganin yadda irin waɗannan yara ke dusashewa a gabanmu saboda an ɗauka cewa mai ƙoƙari ba ya buƙatar taimako.

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu wanda yakan gama lissafin da na bayar tun kafin in ajiye alli, sannan ya zauna babu abin yi har a tashi. Ajin cike yake maƙil, ni kaɗai ne, kuma hankalina yana kan waɗanda har lokacin ba su iya haɗa baƙi ba. Abin da na iya yi masa kawai shi ne na naɗa shi monita yana biya wa 'yan uwansa. Da zaman ya ishe shi sai ya fara surutu da tsokana, aka yi masa laƙabi da marar ji, daga baya ya soma fashin zuwa, mahaifinsa kuwa ya ga gara ya riƙa raka shi gona. Har yau abin yana damuna, domin na san ba ƙin karatu yaron ya yi ba, karatun ne ya yi masa kaɗan.

Mu Hausawa mun san maganin wannan tun kafin zuwan boko. A makarantar allo ba a tsare yaro ya jira sa'o'insa. Da zarar ya riƙe abin da ke allonsa sai ya wanke, malam ya yi masa ƙari, shi ya sa ake samun ƙaramin yaro ya sauke izu sittin alhali wanda ya girme shi yana tsakiya. Alaramma yana gane mai kaifin hadda tun da wuri, ya jawo shi kusa, ya ƙara masa nauyi daidai ƙarfinsa. A makarantar boko kuwa kowa sai ya jira ƙarshen shekara, mai gudu da mai rarrafe tafiyarsu ɗaya.

Ba na musun cewa an yi ƙoƙari. Tun 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne cewa idan aka tsamo yaro mai hazaƙa aka kula da shi, ƙasa ce ke cin riba. Gwamnatin tarayya tana da makarantar masu baiwa a Suleja, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar NECO, sannan a nan Jigawa an kafa ta Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu a zamanin mulkin Alhaji Sule Lamido. Sai dai duk waɗannan ƙofofi a matakin sakandare suke, kuma jarrabawa ce mabuɗinsu. Ɗan birni yana da malamin darasi na yamma da littattafai da iyayen da suka san ranar da ake fara rajista. Ɗan ƙauye sau da yawa ba ya ma jin labarin jarrabawar sai an gama ta, idan kuma ya ji, kuɗin fom da na mota zuwa inda ake cike shi ta intanet sun isa su hana shi. Lamarin 'ya'ya mata ya fi tsanani, domin yarinya mai basira takan ƙare a talla ba tare da wani ya taɓa gwada iyakar fahimtarta ba.

Saboda haka nake kira ga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da su fara neman waɗannan yara tun daga aji uku ko huɗu, a horar da malamai yadda za su gane su, domin ba kullum mai ɗaukar na ɗaya ne mai baiwa ba. Wani shiru-shiru ne, wani kuma yawan tambayarsa ce ke sa a gaji da shi. A tanadi ajin ƙarin darasi ko da ranar Asabar ce a kowace mazaɓa, da akwatin littattafan da suka ɗara na manhaja, a kuma bai wa hedimasta dama ya tsallakar da yaro aji idan an tabbatar ya cancanta. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na kowane gari za su iya ɗaukar nauyin fom da kuɗin mota, kuma ina roƙon dagatai da limamai su riƙa sanar da lokacin rajista a masallatan Juma'a.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Naku,
Wani malamin firamare,
daga masarautar Haɗejia, jihar Jigawa.