Hutun Bakin Teku: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin magidanta masu shirin kai iyali hutu bakin teku. Masauki da abinci ne suka fi cin kuɗi, saboda haka gara a kama gida mai ɗakin girki, ko da akwai ɗan tattaki zuwa ruwa, maimakon otal ɗin da tagoginsa ke fuskantar teku, inda kallon ma sai an biya. Farashi kan sauka bayan lokacin cunkoso. Bara na yi sakaci ban tafi da laima da tabarma ba, sai na yi ta hayarsu har kwana 5, kuɗin da ya isa in sayi sababbi.

Naka,
Wani magidanci