Wasiƙa daga Gadarif zuwa ga Baba

Gadarif, Sudan

Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Inna da Auta da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau. Mun gama yankan riɗi, yanzu girbin dawa muke jira. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a 2023 garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, amma mu muna can gona, Allah yana kiyaye mu.

Baba, ba labarin gona ne ya sa na ɗauki biro ba. Geron nan da ya ɓace a rumbu kafin tafiyata, buhu biyar, ni na kwashe shi. Cikin dare na fitar, na sayar, da kuɗin na yi guzurin hanya. Ina tsaye ka tsare Auta da tambaya, yana kuka yana cewa bai taɓa ba, ni kuwa na yi gum.

Na ɗauka nisa zai binne maganar. Hausawan nan, waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasarmu za su Makka suka zauna a hanya, ba wanda ya san gidanmu a cikinsu. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, har suna ba ni ajiyar kuɗi suna cewa yaron nan akwai amana. Duk ranar da na ji haka, abinci ba ya shiga.

Lahadin da ta wuce, a ɗan cocin da muke sujada tare da 'yan'uwa daga Duwatsun Nuba, aka karanta Joshuwa sura 7. Da Larabci aka karanta, ni ina bi da Littafi Mai Tsarki na Hausa da Inna ta cusa mini a jaka. Wani mutum mai suna Akan ya ɗauki riga mai tsada daga ganimar da Allah ya haramta, da azurfa shekel 200, da zinariya shekel 50, ya haƙa rami a cikin alfarwarsa ya binne. Duk Isra'ila ba wanda ya gan shi. Amma saboda laifinsa mutum wajen 36 suka mutu a yaƙin garin Ai, ba su ji ba ba su gani ba. Nan abin ya soke ni, Baba, domin nawa laifin a kan Auta ya sauka.

Da na koma bukka na ɗaga tabarma zan ƙirga ladan aikina, wanda nake binnewa cikin gwangwanin madara. Ina tona ƙasar da hannu sai jikina ya yi sanyi. Zabura 139 da ka sa muka haddace muna yara ta faɗo mini, cewa duhu da haske duk ɗaya ne a gaban Allah. Daren da na buɗe rumbun babu wata, har murna na yi da duhun. Ashe yana kallona. A gun na durƙusa, ƙasa a hannuna, na faɗa masa abin da ya riga ya sani.

Na roƙi gafararsa, yanzu taka nake roƙo. Kuɗin geron na ware shi, zan aiko da zarar na sami amintaccen hannu. Amma kada ka jira kuɗin. Ka kira Auta da Kawu da duk wanda ya ji zargin nan, a karanta wasiƙar nan a gabansu. In fasto ya ga ya kamata ikilisiya ta ji, na yarda.

Ka ce wa Auta ba ni da bakin magana, amma zan rubuto masa tasa daban. A gaida Inna, a lallashe ta.

Ɗanka.