Ajiye mota a titunan Kaduna: a kafa alamomi

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan ajiye mota a cikin garin Kaduna, musamman titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Direbobi da yawa sun ɗauka muddin suna zaune cikin mota, ko sun kunna fitilun gargaɗi, to ba su yi laifi ba. Ba haka ba ne. Wanda ya tsaya a mahaɗar hanya, ko kan gada, ko inda masu tafiya a ƙasa ke tsallakawa, ya tare hanya, ko da burodi kawai ya sauka saye. Haka wanda ya jera motarsa kusa da wata har ya cinye rabin titi, kuma masu manyan motoci sun fi kowa wannan hali.

Amma ita ma KASTLEA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin hanya a jihar Kaduna, da sauran aiki a gabanta. Wurare da dama babu allo, babu fenti, direba bai san an hana ba sai an tare shi. A kafa alamomi, a kuma riƙa sanarwa a rediyo da Hausa cewa tara a asusun gwamnati ake biyanta a karɓi rasit, ba a hannun jami'i ba.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna