Zuwa ga Sarkin Ruwan unguwarmu

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya jikin Hajiya, ya amarya da ɗan baƙonmu da har yau ba'a turo min hotonsa yana dariya ba. Akwai tambayar da nake son yi maka kan maganar filin nan na bayan makaranta, amma tsaya tukuna, labarin da ke bakina ba zai jira ba.

Na shiga kwalekwale. Ni ɗin nan da kuka shekara goma sha kuna yiwa waƙar kududdufi, ni na riƙe abin tuƙi da hannuna a kogin Célé na nan Faransa tun hantsi har bayan la'asar, kuma ga ni da raina ina rubuto maka. Ka karanta wa Dogo wannan layin da ƙarfi, in ya ce ƙarya ne akwai bidiyo.

Yadda abin ya faru, wani abokin karatuna a nan Toulouse ne yace kakarsa nada gida kusa da wani ƙauye Cabrerets a yankin Lot, in zo muje hutu tunda kowa ya watse. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Cahors, daga nan mota, hanya sai lanƙwasa take tsakanin dutse da ruwa har cikina ya fara juyawa. To su masu bada hayar kwalekwalen basa baka sai ka tabbatar musu ka iya iyo, kuma abin da ban taɓa gaya muku ba shine tun lokacin sanyi nake zuwa wurin koyon iyo a ɓoye, ni da yara 'yan firamare, malamar tana min tafi in na kai bango. Suka ɗaura min rigar ceto, suka bamu wata 'yar durom ta roba mai murfi muka zuba waya da burodi, shikenan aka tura mu.

Célé ba wani babban kogi bane, da rani wani wurin ruwan ko gwiwa bai kai ba sai kun sauko kun ja jirgin da hannu, tsakuwar ƙasa kana ganinta tar, kifaye na gilmawa ƙarƙashinka. Amma fa akwai wuraren da aka tare ruwan tun zamanin injinan niƙa na da, sai an bi ta wata 'yar zamiya a gefe, nan ne gaban jirgin ya nutse ruwa mai sanyin tsiya ya cika min cinya, wallahi duk addu'ar da Malam ya koya mana ta hawa abin hawa sai da na haɗa ta da ta shiga kasuwa. Abokin nawa yana baya yana dariya har abin tuƙinsa ya kusa tafiya. Bayan nan kuma sai tsoron ya sake ni gaba ɗaya, ban san ina ya tafi ba, muna tafe duwatsu farare sun miƙe sama ta gefe ɗaya, gidaje manne a jikinsu kamar zasu zubo, ba ƙarar komai sai ta ruwa. Kafaɗata dai har yanzu bata yafe min ba.

Kai wai da gaske ne Ustaz ya sayi babur ɗin nan na Dogo? Wanda sai an tura? A group naga ana ta yi masa Allah sanya alheri, na kasa gane ko da gaske ake ko iya shege ne.

Ƙauyen da kowa ke zuwa gani a wajen shine Saint-Cirq-Lapopie, yana can ƙwam a kan dutse kusan mita 100 sama da kogin Lot. A 2012 aka zaɓe shi a wani shirin talabijin a matsayin ƙauyen da Faransawa suka fi so, tun daga nan baƙi suka yi masa caa. Mazaunansa wajen 200 ne kacal, amma da rana tsaka ko wurin ajiye ƙafa babu, duk gida na biyu shagon tsaraba ne ko gidan abinci. Ni dai gaskiya da rana bai burge ni ba, kasuwa ce kawai mai tsada. Sai ka je da sassafe kafin motocin su iso, lokacin da ba kowa sai kyanwoyi da mai kawo burodi, sannan zaka ga kyan gidajen, wasu tun ƙarni na 13 suke tsaye da jan rufinsu mai tsini, lunguna a shimfiɗe da dutse duk sun sha ƙafa har suna santsi.

Abin da yafi min ƙauyen kansa shine hanyar da muka bi muka je, a ƙafa daga ƙauyen Bouziès ta bakin kogi. Akwai wurin da dutsen ya sauko har cikin ruwa ba gefen takawa, sai mutanen da, wajajen 1845, suka fafe jikin dutsen suka yi hanya kusan kilomita guda a ciki, rufi a kanka, bango a gefe, ɗaya gefen kuma ruwa ne ba shinge ba komai. Ta nan ake jan jiragen kaya da igiya in zasu hau sama, kafin jirgin ƙasa yazo ya kashe sana'ar. Na shafa bangon, wani wurin kaushi wani wurin sumul saboda wani mai sassaƙa ya zana igiyar ruwa da kifaye a jiki. Kuma duk wanda kuka haɗu sai yace maka bonjour, tsoho da yaro, mutanen da a cikin gari ko a lif kuka haɗu sai kowa ya kalli takalminsa.

Sai kogon Pech Merle, yana saman Cabrerets ɗin. Wasu samari ne 'yan ƙauyen suka kutsa ciki a 1922 suka tarar da zane-zane a bango, dawakai masu ɗigo-ɗigo da masana suka ce sun kai shekara 29,000, da giwayen nan masu gashi da suka ƙare. Mutum 700 kawai suke bari a rana saboda numfashin jama'a na lalata zanen, dole ka kama tikiti tun kafin ranar, kuma hoto haramun. Ciki sanyi, na gode Allah da kakar ta tilasta min ɗaukar suwaita. Akwai shatin hannaye a bangon, mutum ya ɗora tafinsa ya fesa launi a kai, da sawun ƙafar wani yaro a laka da ya bushe ya zama dutse, har yatsun kana gani. Na tuna ko zanen duwatsun Birnin Kudu da muke ta cewa zamu je tun muna aji uku bamu je ba, ga shi nan kusa da ku, ka ɗauki amarya kuje mana.

Tumakinsu kuwa sai ka gani, farare da baƙi zagaye da ido kamar sun sha kwalli ranar sallah, suna kiwo cikin gonakin da aka kewaye da dutse zalla ba siminti ba laka. Abinci ne dai matsala, komai agwagwa ne ko alade ko an zuba giya. Kakar, Allah ya shirye ta ya saka mata, tunda aka yi mata bayani ta ware min kasko na daban, ƙwai da dankali da wani ɗan cukun akuya da suke ji da shi, sai kankana da gyaɗar nan tasu mai ƙwanso. Na bata dambun naman da Hajiya ta aiko, ta ɗanɗana yajin ta sha ruwa kofi biyu ta kuma miƙo hannu. Shaguna kuma sha biyu na yi suke rufewa sai biyu, ko kuka kake. Magariba kusan goma saura, isha sai sha ɗaya ta wuce, ga asuba a bakin ƙofa, barcin dai sai a hankali.

Yanzu wai so suke in dawo mu gwada kogin Lot shi kuma, wanda yafi faɗi da zurfi, nace sai na yi shawara da Sarkin Ruwa tukuna. Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka, ban san wa ya naɗa ka ba.

Naji ance ƙanin Ustaz zai shigo Paris a watan tara, don Allah ka karɓo min yaji wurin Hajiya da kuka da daddawa a bashi, a naɗe daddawar da kyau kar a kore shi daga jirgi. Ka gaida kowa da kowa, banda Dogo sai ya biya ni kuɗin cajata.

Naka,
Ɗan kududdufi mai ritaya