A Ware Lokacin Karanta wa Yara Labari a Firamare

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin ilimin firamare kan karanta wa yara labari da babbar murya, abin da malamai da dama suke ɗauka a matsayin ɓata lokaci.

Yaron da ke aji ɗaya ko biyu yana fahimtar magana fiye da yadda yake iya karanta ta da kansa, saboda haka ta kunne yake fara tara kalmomi da sanin yadda labari yake tafiya. Ga Hausa kuwa amfanin ya fi yawa, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai yaro ya ji malami ya furta kalma sannan ya haɗa ta da abin da ke kan allo. Shirin koyar da yaran firamare karatu mai suna Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato ya sanya irin wannan karatu cikin darussansa.

Sai dai karatun bai wadatar ba idan malami bai dakata ya tambayi yaran abin da suke ganin zai biyo baya ba. A ganina, minti 15 kullum ya isa a fara da shi.

Na gode,
Wani malamin firamare, daga Bauchi